Harafi Mai Faffaɗar Ƙafa: Halinsa da Wuraren Aikinsa

Duk wanda ya taɓa duban sunan Honda a jikin babur, ko sunan Sony a goshin rediyo, ko Volvo a gaban babbar mota, ya riga ya san harafin da za a yi magana a kansa, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Haruffa ne masu kauri, kuma babu sandar da ke ƙarewa haka nan a cikinsu. Kowace sai an gicciya mata wani guntu mai kusurwa huɗu a bakinta, sama da ƙasa, kaurinsa kusan ɗaya da na sandar. Wannan guntu shi ne ƙafar harafi, wadda masu sana'ar zanen haruffa ke kira sarif, iyalin da ke da irin wannan ƙafa mai faɗi kuma silab sarif.

Haruffan boko da ake bugawa sun kasu manyan gida uku. Akwai masu siririyar ƙafa, irin Times New Roman da aka saba gani a littattafai da takardun ofis. Akwai marasa ƙafa sam, irin Arial. Na ukun shi ne namu, wanda ƙafarsa ta yi kauri har ta zama ita ce abu na farko da ido ke kamawa. Abin da nake so in tabbatar a nan shi ne cewa wannan harafi, musamman mai kaurinsa, an yi shi ne don gajeriyar magana wadda ake so a hango daga nesa kuma a gaskata ta. A wannan aiki da wuya a sami wanda ya fi shi. Idan kuwa aka ɗora masa wani aikin da ba nasa ba, sai ya ɓata shafi ya gajiyar da mai karatu.

Asalinsa a Landan yake, a farkon ƙarni na 19. Kafin lokacin, ɗab'i kusan aikin littafi ne kawai. Haruffan da ake zubawa da dalma an yi su ne don a karanta a hannu, kusa da ido, kuma ko sanarwa za a manna a bango da haruffan littafi ake buga ta, sai dai a zaɓi manya. To, sai masana'antu suka bunƙasa a Ingila, birane suka cika. A ƙidayar 1801 mutanen Landan sun kai kusan miliyan ɗaya. Kaya suka yi yawa, masu sayarwa suka yi yawa, bangon gari ya cika da takardun gwanjo, da na gidajen wasan kwaikwayo, da na keken doki mai ɗaukar fasinja, da na tikitin cacar da gwamnati ke shiryawa a wancan zamani. Kowace takarda tana gasa da ta kusa da ita, kuma mai wucewa ba zai tsaya ba sai an tsayar da shi.

Gwajin farko da masu zubin haruffa suka yi shi ne su ɗauki salon da ke tashe, irin na Bodoni a Italiya da Didot a Faransa, mai sanduna masu kauri da layuka sirara, su ƙara wa sandunan ƙiba fiye da kima. Sunan Robert Thorne ne aka fi haɗawa da wannan salo. Ya ja hankali, amma yana da rauni biyu. Siraran layukan sukan karye a injin, kuma daga nesa sukan ɓace, sai a ga baƙaƙen sanduna tsaitsaye babu abin da ya haɗa su. Maganin da aka samo mai sauƙi ne: a ƙara wa kowane sashe na harafin kauri, har da ƙafar. An ga irin wannan zane a wata takardar tallan caca da aka sassaƙa a katako wajen 1810, sannan Vincent Figgins ya fito da shi a zubin dalma, a kundin samfuransa mai ɗauke da shekarar 1815, da sunan Antique. Manyan baƙi ne kaɗai a farko, ƙanana sun biyo baya.

Ba da daɗewa ba aka fara ce masa harafin Masar. Babu abin da ya haɗa shi da Masar. Napoleon ya kai yaƙi can a 1798, dutsen Rosetta ya iso gidan tarihi na Birtaniya a 1802, Turai ta kamu da son duk wani abu da aka jingina wa Fir'aunoni, 'yan kasuwa kuma suka ga sunan yana sayar da kaya. Har harafin farko marar ƙafa da William Caslon na huɗu ya fitar a 1816 wannan sunan aka ba shi. Manyan ma'aikatan ɗab'i ba su yi maraba da baƙon mai faffaɗar ƙafa ba. Thomas Hansard, a littafinsa kan sana'ar da ya fito a 1825, ya kushe waɗannan sababbin haruffa a matsayin kayan manne-mannen bango. Bai yi ƙarya ba game da inda suka dace, amma bai hango cewa bangon zai zama babban fagen ɗab'i ba.

Inda labarin ya fi daɗi a wurina shi ne 1845, shekarar da gidan zubin haruffa na Fann Street a Landan, ƙarƙashin Robert Besley, ya fitar da Clarendon. Haruffan farko ƙafarsu tana haɗuwa da sanda ne a kusurwa tsaf, babu sassauci. Clarendon ya sa ɗan lanƙwasa a mahaɗar, ya bar bambanci kaɗan tsakanin sassa masu kauri da marasa kauri, ya kuma sa ɗigo mai kumburi a bakin haruffa irin a da c da r. Da wannan sai harafin ya yi laushi, ya yi kama da haruffan littafi ba tare da ya rasa nauyinsa ba. Kuma dalilin yin sa ke nan. Besley ya yi shi ne don a saka shi cikin rubutu na yau da kullum, a fito da kalma ɗaya daga cikin ɗari.

A tuna cewa kafin wannan lokaci, idan mai ɗab'i yana son jaddada kalma, abin da yake da shi shi ne harafin jirge ko ƙananan manyan baƙi. Waɗannan suna yi wa mai karanta jimla daga farko zuwa ƙarshe amfani, amma ba sa taimakon mai neman abu. Ƙarni na 19 kuwa ya zo da takardun da ba karanta su ake yi ba, duba su ake yi: jadawalin jirgin ƙasa, ƙamus, kundin farashin kaya, littafin jagorar matafiya, littafin makaranta. Mutum yana tsaye a tasha yana neman sunan garinsu cikin jerin garuruwa hamsin, ko ɗalibi yana neman kalma a shafin da ke cike maƙil. Abin da idonsa ke bukata shi ne wurin sauka, wato baƙin tabo a cikin toka-tokan shafi. Clarendon ya ba shi wannan. Daga nan ne tunanin harafi mai kauri abokin tafiyar harafi na yau da kullum ya kafu, kuma maɓallin da muke dannawa a kwamfuta mu ƙara wa kalma kauri jikan wannan tunani ne. An daɗe a maɗaba'un Ingila ana kiran kowane harafi mai kauri Clarendon, ko wane ne ya zuba shi.

Besley ya yi rajistar zanensa a ƙarƙashin dokar kare zane-zane ta 1842, kuma ana lissafa shi a matsayin zubin harafi na farko da aka yi wa irin wannan rajista. Kariyar ta shekara uku ce kawai. Tana ƙarewa sauran gidajen zubi suka kwaikwaye shi ta ko'ina, abin da ya ɓata masa rai ƙwarai. Shi dai bai yi asara a rayuwa ba, don ya zama magajin garin Landan a 1869.

A Amurka harafin ya sami wani jiki dabam. Dalma tana da nauyi da tsada, kuma idan aka zuba babban harafi da ita ba ya hucewa daidai, fuskarsa takan lotsa. Darius Wells na Niyok ya ƙirƙiro injin fafe katako da sauri, ya fitar da kundin haruffan katako a 1828, sannan a 1834 William Leavenworth ya haɗa injin da na'urar kwafe zane da ke ƙara masa girma ko ta rage. Daga nan aka iya sassaƙa harafi ɗaya a kowane girma, a miƙe shi, a matse shi, a yi masa ado. Faffaɗar ƙafa ta dace da katako, domin ba ta da siririn gefen da zai tsage. Wani reshe da aka matse shi sosai, aka bar ƙafarsa ta fi sandarsa kauri, shi ne ya cika fostocin 'yan wasan dabbobi da sanarwar neman masu laifi. Finafinan kaboyi ne suka ƙarasa liƙa masa wannan kama, har yau duk wanda ya gan shi sai ya tuna da doki da bindiga. Wanda aka fi sani a cikinsu a kwamfuta, Playbill, a Ingila Robert Harling ya zana shi a 1938.

Akwai rassa biyu marasa kauri da ya kamata a ambata a wuce. Ɗaya na tafireta ne. Tun da keken rubutu yana ba kowane harafi fili iri ɗaya, dole a shimfiɗa wa i da l doguwar ƙafa su cike gurbinsu, a kuma matse m da w. Courier da Howard Kettler ya zana wa kamfanin IBM a tsakiyar shekarun 1950 shi ne sananne a wannan gida, kuma duk wanda ya karɓi takardar ofis a zamanin akawu da tafireta ya san kamarsa. Ɗayan na jarida ne. Injin jarida yana gudu, takardar mai arha ce, tawada tana malala, siraran layuka suna ɓacewa. Kamfanin Linotype ya koma wa tsarin Clarendon ya fitar da Ionic mai lamba 5 a tsakiyar shekarun 1920, jaridun Amurka masu yawa suka rungume shi.

Zagaye na biyu na tashensa daga Jamus ya taso. Bayan Paul Renner ya fitar da Futura a 1927, harafi marar ƙafa da aka gina da da'ira da miƙaƙƙen layi, sai wasu suka ce bari a sa wa irin wannan gini ƙafa. Rudolf Wolf ya zana Memphis a 1929, Georg Trump ya zana City a 1930, Heinrich Jost ya zana Beton, Morris Fuller Benton ya fitar da Stymie a Amurka a 1931, kamfanin Monotype kuma ya fitar da Rockwell a 1934. Waɗannan ba su da lanƙwasar Clarendon. Harafin o a yawancinsu kusan cikakkiyar da'ira ce, ƙafa tana haɗuwa da sanda a kusurwa, kaurin layi kusan ɗaya daga farko har ƙarshe. A kan City ne Paul Rand ya gina tambarin IBM a 1956, kafin a tsaga shi ratsi takwas a 1972. Rockwell kuwa ya shiga hannun kowa ne saboda yana zuwa cikin manhajar ofis ta Microsoft, shi ya sa shi ne ɗan gidan da masu shagon kwamfuta suka fi sani.

To, mene ne halin wannan harafi, kuma daga ina halin yake fitowa? Daga ƙafar ne. Harafi marar ƙafa mai kauri yana da ƙarfi, amma ƙarfinsa a tsaye yake, sanduna ne jere. Faffaɗar ƙafa tana ƙara layin kwance mai nauyi a ƙasan kowace kalma da samanta, sai kalmar ta zauna daram kamar turmi a tsakar gida, ba ta da alamar za ta tuntsure. Wannan zama shi ne ke sa mai kallo ya ji cewa abin da aka rubuta tabbatacce ne. Shi ya sa masu ƙera injuna da motoci da kayan aiki suke son sa, haka bankuna irin Wells Fargo na Amurka, haka ƙungiyoyin wasanni na jami'o'in Amurka, waɗanda haruffansu masu yankakkun kusurwoyi suke yawo a jikin rigunan sanyi na gwanjo a kasuwanninmu. Hukumar kula da gandun daji ta Amurka ta yi shekaru da dama tana rubuta allunan hanyarta da Clarendon, fari a kan ruwan ƙasa.

Sai dai ba murya ɗaya gidan yake da ita ba, kuma nan ne masu zaɓe da yawa suke kuskure. Clarendon da 'yan uwansa masu lanƙwasa suna da fara'a da ɗan tsufa, sun dace da kwalin abinci, da bangon littafin tarihi, da shagon da ke son a san ya daɗe. Rockwell da Memphis sun fi sanyi da tsauri, suna kama da abin da injiniya ya auna da ma'auni, sun dace da kayan gini da na lantarki da kanun da ke ba da umarni. Na katakon nan matsattsu kuwa suna da hayaniyar filin wasa, kuma duk inda aka sa su sai sun ja wurin zuwa ga raha. Wanda ya rubuta sanarwar ta'aziyya ko sunan asibiti da Playbill ya yi amfani da ɗan gidan, amma ya ɗauko wanda bai dace ba.

Zana irin wannan harafi ya fi yadda ake zato wuya, kuma sanin wahalar yana taimaka wa mai amfani da shi ya bambance mai kyau da marar kyau. Matsalar ita ce fili. Idan sanda ta yi kauri, ƙafa ta yi kauri, farin da ke cikin harafi sai ya ƙanƙance. A dubi n ko h ko m: sanduna biyu ko uku, kowace da ƙafarta mai fita hagu da dama. In aka bar su cikakku, ƙafafun za su haɗe su rufe ƙasan harafin. Don haka gwanin zane yakan gajarta ƙafar ciki, wani lokaci ya cire rabinta gaba ɗaya. Layin kwance kuma dole a rage masa kauri kaɗan, domin ido yana ganin layin kwance ya fi na tsaye kauri ko da ma'auninsu ɗaya. Inda gantsarar n ta haɗu da sandarta dole a sirance ta, in ba haka ba tawada ta taru ta yi dunƙule. Harafin O dole ya ɗan zarce layi sama da ƙasa kafin ya yi kama da tsawonsa ɗaya da H. Duk harafin da ake gani kamar kaurinsa ɗaya ne ko'ina, cike yake da irin waɗannan gyare-gyare da ba a lura da su sai an rasa su.

Daga nan ake gane inda yake aiki. Yana aiki a kanun labari, a bangon littafi, a allon shago, a kwalin kaya, a tambarin kamfani, a lambar da ke bayan rigar ɗan wasa, a kan kalmar shiga ta ƙamus. Yana jure abin da siririn harafi ba ya jurewa: takarda mai arha, buhu, katako, fenti a bango, ɗinki a yadi, farin rubutu a kan baƙin fili, hoto mai hayaniya a bayansa. Yana kuma zama lafiya da maƙwabta. A sa shi a kanu, a sa siririn harafi mai ƙafa ko marar ƙafa a jikin labari, sai kowanne ya fito da ɗan uwansa. Jaridar Guardian ta Landan, lokacin da ta sauya girman takardarta a 2005, ta sa Paul Barnes da Christian Schwartz suka zana mata iyali guda mai irin wannan ƙafa, daga siriri ƙwarai har zuwa mai kauri ƙwarai. Abin koyi a aikinsu shi ne a wancan tsari ba kullum jaridar take ɗauko mai kaurin ba. A lokacin, sau da yawa babban kanu da siririn ake buga shi, a ajiye mai nauyin sai inda ake bukatarsa, don haka idan ya fito ana jin fitowarsa.

Fuskar waya da kwamfuta ma ta karɓe shi, bisa dalilin da ya sa jarida ta karɓe shi tun da: inda ɗigon haske ba su da yawa, siririyar ƙafa takan narke, mai faɗi kuwa takan tsaya. Na'urar karatu ta Kindle ta yi shekaru da Caecilia na Peter Matthias Noordzij a matsayin harafinta na asali. Google ya fitar da Roboto Slab a 2013, Mozilla ta fitar da Zilla Slab a 2017, kuma duka biyun kyauta ake sauke su.

Inda ba ya aiki kuma a bayyane yake. Mai kaurinsa ba na dogon karatu ba ne. Sakin layi guda da shi ya isa ya sa ido ya gaji, domin baƙi ya rinjayi fari, kalmomi sun yi kama da juna, layin ƙafafu ya zama shinge. Yana cin fili, don faɗinsa ya fi na marar ƙafa, kanun da zai shiga layi ɗaya da wani harafin sai ya nemi biyu. A ƙaramin girma cikin a da e yakan toshe. Kuma babban abin da ke kashe shi shi ne yawa. Fostar da aka rubuta sunan taro da shi, da sunan babban baƙo, da na uban taro, da wuri, da lokaci, duk da kauri ɗaya, ta rasa abin da aka ɗauko harafin dominsa, tun da babu sauran abin da ya fi wani fitowa. Mai wucewa a kan babur yana da daƙiƙa biyu ko uku, kuma a cikinsu abu ɗaya zai iya ɗauka. Aikin mai tsara fostar ne ya yanke shawarar wane abu ne wannan, ko da masu taron za su so kowane suna ya yi girma.

Akwai wasu laifuffuka biyu da ake yi masa a teburin kwamfuta, kuma ina ganin su a allunan talla da banoni fiye da yadda ya kamata. Na farko shi ne ja. Kalma ba ta cika fili ba, sai a kama gefenta a manhajar CorelDRAW a ja ta, ko a matse ta. Idan aka ja ta a kwance, sandunan tsaye suna ƙara kauri, kaurin ƙafafu yana nan yadda yake. Idan aka ja ta a tsaye, ƙafafu su kumbura, sanduna su yi kamar sun rame. Duk ma'aunin da mai zanen ya ɓata watanni yana daidaitawa ya tafi a jan hannu ɗaya, kuma a wannan gida ɓarnar ta fi fitowa, don kyansa gaba ɗaya a kan daidaiton sanda da ƙafa yake. In fili ya yi kaɗan, a nemi matsattsen samfurin da aka zana don haka. Na biyu shi ne kaurin jabu, wato a ɗauki siririn samfuri a sa kwamfuta ta kumbura shi, ko a zagaye shi da layi mai kauri. Kwamfuta ba ta san ta gajarta ƙafar ciki ko ta buɗe cikin e ba, shafa kauri kawai take yi ko'ina. Haka kuma matse tazarar haruffa har ƙafafu su taɓa juna yana mayar da r da n su zama m.

Ga mai rubutun Hausa akwai wani gwaji na musamman, kuma shi ne ya fi damuna. Tun shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa a rubutun boko, ɓ da ɗ da ƙ, aka ci gaba da su a Zariya zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, a Nijar kuma ana ƙarawa da ƴ. Tsofaffin samfuran da aka zana a Landan da Frankfurt ba a yi su da Hausa a zuciya ba, kuma da yawa daga cikin kwafinsu na kwamfuta ba su da waɗannan haruffa. Abin da ke faruwa sananne ne. Kwamfuta ta nemi ƙ ta rasa, sai ta aro daga wani samfurin, a ga kalma mai kauri da harafi ɗaya siriri a tsakiyarta. Ko kuma mai shagon ya ga munin haka ya cire lanƙwasar, ƙasa ta koma kasa, faɗa ya koma fada, ɓata ta koma bata. A cikin dogon rubutu mai karatu yakan gane daga abin da ke kewaye. A kanu mai kalma uku babu abin da ke kewaye, kuma kanu shi ne ainihin wurin aikin wannan harafi.

Ko samfurin yana da haruffan, sai an duba yadda aka zana su. A ƙananan baƙi abin da sauƙi, domin ƙafar saman b da d da k hagu take fita, lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ kuma dama take karkata, bambancin yana fitowa. A manyan baƙi ne matsalar take. Lanƙwasar Ɓ da Ɗ tana zama ne a sama ta hagu, daidai inda B da D suke da faffaɗar ƙafarsu. Idan mai zanen ya yi ƙyashin fili, ya yi lanƙwasar gajeriya mai kauri, daga nesa ba za a bambance ta da ƙafar ba, ƊAN ya zama DAN. Lanƙwasa mai kyau a wannan gida sai ta fito sosai, ta sauko ƙasa, an bar fari a cikinta wanda tawada ba za ta cike ba. Ga kuma harafin a, wanda babu harafin da ya kai shi yawa a Hausa, kuma yana cikin masu saurin toshewa idan an yi kauri. Kalma irin maɗaba'a ko al'amura tana jera shi sau uku ko huɗu, don haka samfurin da a ɗinsa ya cushe zai cushe shafin Hausa fiye da yadda zai cushe na Turanci. Alamar hamza ta 'ya'ya da sana'a ita ma tana bukatar nauyin da zai sa a gan ta a tsakanin waɗannan ƙattan haruffa.

Ba na ganin wannan dalili ne na guje wa harafin. Kanun Hausa, da allon shago, da kwalin kayan da ake sarrafawa a Kano ko Maraɗi, da bangon littattafan adabin kasuwa, duk wurare ne da nauyinsa da juriyarsa ga takarda mai arha za su yi amfani, kuma cikin sababbin samfuran da ake rabawa kyauta akwai waɗanda aka faɗaɗa su suka ɗauki haruffan harsunan Afirka. Abin da ya rage shi ne a riƙa dubawa kafin a zaɓa.

Don haka, kai mai tsara shafi ko mai shagon buga bana, kafin ka ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan haruffa don aikin Hausa, rubuta Ɓ da Ɗ da Ƙ manya da ƙanana kusa da B da D da K, ka buga a girman da za a yi aikin, ka manna a bango, ka ja da baya taku goma. In ka bambance su ba tare da ƙura ido ba, yi aikinka da shi, ka ba shi layi ɗaya ko biyu mafi muhimmanci, sauran ka bar wa siririn harafi. In ba ka bambance su ba, nemi wani samfurin, kada ka cire lanƙwasar.